Fanka Biyu da Muryar Yaya Abdussamad

Asabar, bayan La'asar

Kwamfutar nan ta sake mutuwa ina tsakiyar aiki. Ba sallama, ba neman izini, ɗif kawai kamar an hure fitila. Na taɓa bayanta na janye hannu da sauri, don ko ƙwai aka fasa a wurin sai ya soyu. In ta ga dama ta mutu sau ɗari, sau ɗari zan tashe ta.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in na waiwayo wata rana in san ba hauka na yi ba. Muna Ƙaura, a gidan Kawu Muhtari, yayan Inna mai sayar da hatsi, tun da muka baro garinmu na bayan Zurmi da abin da hannu ya iya ɗauka. Ni abin da hannuna ya ɗauka akwatin kwamfutar nan ne, a kan cinya, a bayan babur. Baba shi ne limamin garin. Shekara da shekaru yana tafsirin azumi a ƙofar masallaci, kowace shekara ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma bana ne zai sauke. Bana kuwa babu masallaci, babu jama'a. Mutanenmu sun watse, wasu suna kwana a wata firamare a Zurmi, wasu suna Shinkafi, wasu Kasuwar Daji wurin dangi.

Baba ya ce ko a ɗaki ne sai ya sauke. Ni kuma na ce ko a ɗakin ne sai sun ji. Ina ɗaukar muryarsa da safe, in gyara, in zuba a memori, Gwadabe mai babur, maƙwabcinmu na can gida, ya kai musu su sa a rediyo.

Mai ja wa Baba baƙi Yaya Abdussamad ne. Shi ke karanta aya, Baba ya fassara. Yaya ya koma garinmu ɗauko littattafan Baba ana gobe azumi, bai dawo ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Lahadi, da hantsi

Ranar farko da muka zauna ɗauka, Baba ya gyara rawani, ya buɗe littafi, sai ya yi shiru yana jiran aya daga hannun damansa. Babu kowa a hannun daman. Na ce, "Baba, ko ka ja da kanka?" Bai ko dube ni ba.

A nan na tuna bara, lokacin da Yaya yake shirin musabaƙa. Ya takura mini, ni da na yi karatun kwamfuta a Poli, sai na ɗauki karatunsa sura bayan sura don ya riƙa saurare yana gyara kansa. Duk yana cikin akwatin nan. Na nemo surar da Baba zai fara, na kunna. Muryar Yaya ta cika ɗakin. Baba ya runtse ido, ya bari ayar ta ƙare, ya fara fassara kamar ba abin da ya faru. Tun daga ranar haka muke yi: in saki aya, in tsayar, Baba ya yi bayani, daga baya in haɗe su wuri guda. Wanda ya saurara zai rantse suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Haɗewar nan ce ke gasa kwamfutar. Solar gidan Kawu kuma batirinta ya gaji, rana na faɗuwa wuta na tafiya, dole in yi aikin da tsakar rana, a ƙarƙashin kwano, cikin bazarar da ko kaji sun daina yawo. Fankar da ke kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, guda ɗaya ce tal, tsohuwa, tana ƙara kamar injin markaɗe. Sai na ɓata rabin yini ina kankare ƙararta daga ƙarƙashin muryar Baba.

Litinin, bayan Azahar

An ce an ga wani mai kama da Yaya. Ba shi ba ne.

Talata, kafin shan ruwa

Kawu ya shigo ɗakin yau, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Ya ba mu ɗakuna biyu bai taɓa yi mana gori ba. Amma tsoro ya shige shi har ɓargo.

"Ke Ilham," ya ce, "wanga abu da kike yi, kin san mi shi ka jawo muna? Memorin nan hannu-hannu shi ka tahiya. Ba mutanenku kaɗai ka saurare ba."

Na ce, "Kawu, karatu ne. Wanda duk ya ji ya ƙaru."

"Kak ki maishe ni yaro. An aiko ma Malam da saƙo tun kuna gida, an ce shi yi shiru. Kuma muryaw wa kike sa wa ciki? In sunka gane ta hwa? Kin yi tunanin shi?"

Na yi tunaninsa. Ba abin da nake yi dare da rana sai tunaninsa. Na ce wa Kawu in har memorin zai kai inda yake tsoro, to zai kai kunnen Yaya ma, ya ji ba a zaunar da kowa a wurinsa ba. Kawu ya ce bakina ya fi ƙarfin shekaruna, ya fita. Raina ya ɓaci har na manta ina azumi na kai hannu kan randa.

Na yi shiru da yawa a rayuwata. Mun yi shiru an kwashe shanu, mun yi shiru an hana noma, mun yi shiru mun bar gida. Wannan shirun ne ba zan yi ba.

Alhamis, da yamma

Yau Inna ta kusa kashe ni da rai, kuma da kyakkyawar niyya.

Na bar kwamfutar tana haɗa karatun jiya, na tafi bayan gida taya matar Kawu dakan kunu. Ashe Inna ta shiga shara, ta ga akwatin a ƙasa, ƙarƙashin tebur, inda nake miƙe ƙafa. Ta tambayi Baba wai da gaske ne duk karatun "yaron nan" yana cikin abin can? Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Baba ya ce i, izu sittin kusan duka.

Da na dawo ƙaurin roba ne ya tarye ni tun daga tsakar gida. Na tarar da akwatin a ɗore bisa filo, an naɗe shi tsaf da dardumar da Inna ta zo da ita daga Makka, an ƙara da bargo a kai, an cusa gefe da gefe yadda ko sauro ba zai sami hanya ba. Har turare ta fesa masa. Kwamfuta kuwa ta daɗe da yin shiru.

Na yi ihu. Ban san na iya yi wa Inna ihu ba sai yau.

"Alƙur'ani na ciki," ta ce, "kin aje shi ƙasa inda ƙahwahu ka wucewa, tsirara, ko ƙyalle babu. Haka anka koya miki a Poli?"

Na ce, "Inna, numfashi take yi! Kin toshe mata hanci!"

Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ce, "Ya tahi ke nan?" Ba kwamfutar take tambaya ba. Na fita na zauna bayan ɗaki na yi kukana a inda ba mai gani.

Juma'a, da sassafe

Ta tashi! Na danna, ta yi tari, allo ya kawo, ya rubuta cewa fanka ba ta juyawa. Na shiga da sauri na duba, karatun Yaya yana nan, ba abin da ya taɓa shi. Na kashe kafin ta sake ɗaukar zafi. Alhamdu lillahi har ƙasan zuciyata.

Na ɗauko sukundireba zan buɗe murfin gefe, sai Baba ya ɗaga kai daga littafi.

"Ɗiyag ga, kina da alwala?"

Na buɗe baki zan yi masa bayanin cewa ƙarfe ne da waya, sai na tuna jiya. Na tashi na yi alwala na dawo. Me zai rage ni?

A ciki, bisa furosesa, akwai ƙarfen da ke shanye zafi, mai siraran faranti a jere kamar haƙoran matsefi. Fankar na manne a gefensa da 'yan ƙugiyoyin waya guda biyu. Na cire ta. Na tura fiffikenta da yatsa, ya ƙi motsi, tsakiyarta ta narke ta kama. Tsakanin farantan kuwa datti ya yi kauri kamar audugar katifa. Gaskiya ko Inna ba ta naɗe ta ba, kwananta ya kusa ƙarewa. Na gaya wa Inna haka. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Na share farantan da tsohon buroshin haƙori. Na bi shagunan bakin Poli kaf, duk ƙananan fankokin laftof ne da su. Wani ya ce in jira kaya daga Gusau. Na ce yaushe? Ya ce in an buɗe hanya. Na ce yaushe za a buɗe? Ya yi dariya.

Asabar, bayan Azahar

Na gwada kunna ta a buɗe, ba murfi, na juya mata fankar ɗaki. Solar ta ce ba ta iya ɗaukar su biyu. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa sai ga Inna da mafici. Ta jawo kujera ta zauna gaban akwatin, ta fara yi wa ƙarfen fifita, da azumi a bakinta, gumi na bin wuyanta.

Na ce, "Inna, hannunki zai gaji."

"Na yi mishi hihita shina jinjiri, bazara ukku," ta ce. "Ki yi aikinki."

Mun fitar da karatun rabin zama kafin lambar zafi da ke kan allo ta koma ja. Rabin ya fi babu. Mun kuma yi sulhu: akwatin ya hau tebur kusa da taga, ba zai sake taɓa ƙasa ba, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle a saman kai kawai, gefe da baya kuma nawa ne.

Lahadi, da hantsi

Malami ya kira daga Shinkafi. Abokin Yaya ne, yana da shagon buga takardu da ya rufe tun da kasuwa ta mutu. Ya ce yana da fanka biyu sababbi fil a kwali, manya, masu shiru, ya saye su don tasa kwamfutar bai kai ga sa wa ba. Ya ce in sa ɗaya gaba ɗaya baya, wannan ta tura iska cikin ƙarfen, waccan ta ja ta waje. Na fara maganar abin da zan ba shi, ya ce in na sake faɗa zai kashe waya. Bai tambayi Yaya ba, ni ma ban kawo zancensa ba.

Gwadabe ya ce gobe dama zai kai memori Shinkafi, zai taho da su.

Talata, bayan Magariba

Gwadabe bai dawo ba. Wayarsa ba ta shiga.

Laraba, da rana

Bai dawo ba.

Matarsa ta zo ta zauna wurin Inna. Ba ta ce laifina ne ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, bayan shan ruwa

Mun shiga goman ƙarshe, karatu ya taru a ciki ban iya fitarwa. Hannun Inna ya kumbura, na ɓoye maficin. Daga Zurmi wata tsohuwa ta ari waya ta kira tana tambaya ko Malam lafiya, don sun zauna gaban rediyo jiya da shekaranjiya ba sabon karatu. Na ce lafiya lau yake, na'ura ce ke gardama, kuma ni na fi ta gardama.

Kawu ya zo da wani alaramma daga masallacin kasuwa, mai murya mai daɗi, in ji shi. Dabararsa a fili take: a bar kwamfuta da haɗe-haɗenta, alaramma ya ja, Baba ya fassara, a ɗauka da waya a wuce wurin. Ba muryar Yaya, ba fitina.

Baba ya tarbi baƙon da fara'a, ya sa aka kawo masa dabino da kunu, suka yi hira kan malamansu. Da alaramma ya matso zai zauna a hannun dama, sai Baba ya ɗora littafinsa a kan buzun wurin, a hankali, ya ce, "Alaramma, zo nan hagu, nan iska ya hi shigowa."

Mutumin ya gane. Ya sha kununsa, ya yi addu'a, ya tafi. Kawu ya ce wa Inna gidan nan taurin kai gado ne. Karo na farko da na ji Kawu ya faɗi abin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Gwadabe ya dawo. A ƙasa ya shigo, ba babur. Leɓensa a fashe, takalmi ƙafa ɗaya nasa ɗaya na wani.

Muka taru a kansa, matarsa na kuka, Baba na salati. Aka ce ina babur? Ya ce, "Yana inda Allah ya aje shi." Aka ce me ya faru? Ya ce a ba shi wuri ya zauna. Sannan ya ɗaga riga. Ya ɗaure fankokin biyu a cikinsa da robar tayar babur, ba kwali, kowace a cikin leda.

"Ga hwankokinki, ɗiyam Malam," ya ce. "Waɗanda sunka tare ni sun duba aljihu, ba su duba tumbi ba. Tumbi na da rana."

Ya yi dariya, leɓen ya sake fashewa. Na karɓa. Na ce, "Gwadabe, da na sani..." Ya katse ni. "Kak ki ce da kin sani. Ni ma ina son in ji saukag ga. Tun ina saurayi nike zama gaban Malam."

Ban yi masa godiya yadda ya kamata ba. Wace kalma ce za ta isa?

Asabar, da safe

Na yi alwala ba tare da an tuna mini ba.

Fankokin baƙaƙe ne, faɗin tafin hannun Baba, kusurwoyinsu da roba mai laushi don kada su yi kaɗawa. Malami ya haɗo da 'yar waya mai baki biyu, yadda duka za su sha wuta daga rami ɗaya a jikin babban allon cikin akwatin. Ta gaba ta zauna daram da ƙugiyoyin tsohuwar, sai da na ɗan lanƙwasa su da filaya. Ta baya ce ba ta da ƙugiya, don ƙarfen da fanka ɗaya aka sayo shi. Na juya, na juya, sai idona ya faɗa kan robar da Gwadabe ya ɗauro su da ita. Na yanka ta siri-siri da almakashin Inna, na zura ta ramukan kusurwa, na zagayo da ita bayan farantan na ɗaure tam. Wanda ya ƙera ƙarfen nan a ƙasarsu in ya gani zai suma. Ya suma ɗin, ta zauna.

Na kunna. Duka biyu suka juya, amma lambar zafi ta ci gaba da hawa. Na ciro zare daga bakin ɗankwalina na riƙe a bayan ƙarfen, sai na ga zaren yana mannewa ciki maimakon ya tashi waje. Na sa ta bayan a juye, su biyun suna hura wa juna iska kamar masu faɗa. Akwai 'yar kibiya a gefen kowace da ke nuna inda iska ke bi, ɗoki ya hana ni dubawa. Na kwance, na juya, na sake ɗaurewa. Zare ya tashi ya miƙe yana rawa wajen taga.

Lamba ta sauko, ta sauko, ta tsaya a kore. Na ɗora mata aiki mafi nauyi da nake da shi, da tsakar rana, ta ɗan motsa ta koma.

Inna ta leƙo ta ce, "Ta mutu kuma?"

Na ce, "Tana aiki."

"To ina kukanta?"

Ta matso ta kara kunne. Sai ta ɗora tafin hannu a bayan akwatin, iska mai ɗumi na fita ta tsakanin yatsunta. Ta daɗe a haka.

Lahadi, bayan La'asar

Na fitar da duk abin da ya taru. Wani direban Kawu ne ya karɓi memorin zai kai. Kawu ya gani ya kau da kai, ya hau yi wa masu dako faɗan da ba su san dalilinsa ba.

Talata, da hantsi

Akwai abin da na sani tun farkon azumi na ƙi rubutawa, kamar in ban rubuta ba zai gyaru da kansa.

Karatun Yaya bai cika ba. Ranar da muka zo ƙarshen ɗaukar karatunsa, bara, ya kai Tabbat sai aka kira salla. Ya miƙe yana naɗe hannun riga ya ce sauran ukun ko yaron goye ya iya su, gobe ya ƙarasa. Gobe ta zo da hidimarta, jibi ma haka. Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi babu su. Su ne kuma karatun ranar sauka.

Na gaya wa Baba yau. Na ce zan iya tsinto kalmomi daga wasu surori in jera, amma ban so, shi ma ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. Na ce ko a kira alaramman nan na rana ɗaya. Na ce ko shi Baba ya ja. Ya ce, "Allah shi kai mu." Ya ci gaba da jan carbi.

Na ji haushin Yaya yau, haushi na gaske. Sura uku! Mutum ya karanta Baƙara bai gaji ba, ya bar mini sura uku?

Alhamis, bayan Azahar

An sauke.

Ɗakin ya cika da safe. Inna a bakin ƙofa, matar Kawu a bayanta, Gwadabe ya jingina da bango. Kawu ma ya shigo, wai makulli yake nema, ya zauna bai sake tashi ba. Baba ya sa farar rigarsa ta Idi. Buzun hannun dama yana shimfiɗe.

Na danna ɗauka. Baba ya yi basmala, ya yi salati, ya faɗi sunansa da sunan garinmu a fili, abin da bai yi ba tun farkon azumi. Na ga Kawu ya runtse ido. Sannan Baba ya juya hannun dama ya ce, "Bismilla, Abdussamadu."

Ya yi shiru.

Na ɗaga hannu zan tsayar, ya yi mini alama da yatsa in bari. Leɓensa ba ya motsi, amma na ga kansa na ɗan rausaya, yana bin ayar a yadda Yaya ke jan ta, da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Da tsohuwar fanka ce da ƙararta ta cike wurin. Waɗannan kuwa ko motsinsu ba ka ji. Shirun ya fito tas, har kukan kurciya a kan katangar maƙwabta ya shiga. Da ayar ta ƙare a kunnen Baba, sai ya ɗauki fassara. Haka ya yi aya bayan aya, har ƙarshen Nasi. Ya yi addu'ar sauka, ya roƙa wa na gida da na daji, ya roƙa wa waɗanda ba a san inda suke ba, muryarsa ba ta karye ba ko sau ɗaya. Tawa ce ta karye wurin amin.

Da aka watse na ce, "Baba, in yanke wuraren shirun?"

"Ki bar su yadda suke," ya ce. "Wurin mai wuri na."

Kawu ne ya miƙo hannu ya karɓi memorin Zurmi. Ya ce yana da buhunan da zai duba a can, kuma Gwadabe ya zo ya raka shi, tunda ya zama ɗan zaman banza.

Asabar, jajibirin Salla, da yamma

Sun dawo lafiya. Kawu ya wuce ɗakinsa kai tsaye. Gwadabe ne ya tsaya a tsakar gida ya ba mu labari.

Ya ce a filin firamaren aka shimfiɗa tabarmi, maza gaba, mata baya, aka ɗora rediyo a kan benci. Da Malam ya ambaci sunan gari, wasu suka fara share ido. Da ya ce "Bismilla, Abdussamadu," sai shiru. Mai rediyon ya ɗauka batir ne, ya ɗaga ya girgiza. Wani ya ce memori ya lalace. Sai ga muryar Malam ta dawo da fassara, sannan shiru kuma.

"A na biyun ne sunka gane," in ji Gwadabe. "Wata tsohuwa can baya ta ja ayar, a hankali. Na ukku, mata sunka kama mata. Kahin a kai Falaƙi, wallahi Malam, dut hilin ka ja. Maza, mata, yara, har masu gadin makaranta. In sunka kai ƙarshen aya, sai ka ɗauka daidai wurin, kamar kana ganinsu. Alhaji Muhtari ma ya ja. Na gan shi."

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Sun yi gaggawa ko sun ja a tsanake?"

"A tsanake, Malam. Yadda shi ka ja."

Na shigo ɗaki na kunna kwamfutar. Na buɗe karatun sauka, na duba layin Baba mai hawa da sauka, na duba layin da ke samansa, na mai jan baƙi, miƙaƙƙe fayau ba komai a kai. Na adana shi haka, na rubuta sunan Yaya a jikin layin. Ban rufe aikin ba. Sura uku ce, ba za ta ɗauke shi daɗewa ba, in ya shigo ko ruwa ba zan bari ya sha ba sai ya biya ni su.